Yadda za ka fitar da takardunka a Maraɗi ba tare da an tatse ka ba

Sana'ata fotokopi ce da buga takardu a kwamfuta. Shagon ƙarami ne, inji biyu da benci ɗaya, amma duk mai kai dosiye wani ofishi a garin nan sai ya biyo ta irin wurinmu, ko kafin ya shiga ko bayan an koro shi. A kan bencin nan na ga cewa yawancin kuɗin da mutane ke kukan an ci musu wajen neman takarda, gaggawa ce ta ba da su. Mutum ya yi shekara 20 ba shi da takardar haihuwa, sai ran da aka ce jibi za a rufe karɓar dosiyen konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na jandarma ko na ƴan sanda ya taso a guje. Wanda ya zo a haka ba ya tambayar farashi, ba ya neman resi, ko nawa aka ce miƙawa zai yi. Masu cin hanci suna nan, ban ce babu su ba. Sai dai kasuwarsu ba ta ci sai sun samu mai sauri, ko wanda bai san ƙofar da zai shiga ba.

A fara daga takardar haihuwa, don duk sauran daga jikinta suke fita. In babu ita babu nasiyonalite (takardar shaidar zama ɗan ƙasa), babu kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum), babu katin ɗan ƙasa, babu fasfo, yaro kuma ba zai zauna jarrabawar BEPC ba. Dokar 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Bayyanawar kyauta ce, takardar farko da za a ba ka ita ma kyauta ce. Kowa ya ce ka biya a wannan gaɓa, aljihunsa yake nema wa.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. Mace ta haihu a likita, ungozoma ta rubuta, a sallame su tun jariri ba shi da suna, tunda suna sai ran bakwai. A yanka rago, a ci, a watse, uba ya koma kasuwa. Uwa kuma tana riƙe da karnen awo da rigakafi, tana zaton shi ne takardar. Ba shi ba ne. Washegarin suna, tun soyayyen naman bai ƙare ba, ka ɗauki katinka da na mai ɗakinka ka koma inda aka haihu ka ba da sunan, ka tambayi ranar da takardar za ta isa meri, wato ofishin magajin gari. Birnin Maraɗi gunduma 3 ne, kowace da merinta, kuma wurin haihuwar ne ke nuna wadda za ka je, ba unguwar da kake haya ba. Wadda ta haihu a gida, a je likitar unguwa mafi kusa a bayyana. A ƙauye, mai gari ne ke riƙe da littafin. Sannan ka koma ka karɓa. Akwai takardun haihuwa jibge a ofisoshi, an rubuta, an sa hannu, an buga hatimi, masu su ba su taɓa waiwayarsu ba. Na sha ganin uban da ya zo neman jijman, wato hukuncin kotu na madadin takardar haihuwa, da kuɗinsa, alhali takardar ɗansa tana kwance cikin kabad tun yaron na goye.

Ran da aka miƙo maka ita, kada ka ninke ka sa aljihu ka ce na gode. Ka tsaya nan gaban tebur ka karanta, in ba ka iya ba ka sa wani ya karanta maka harafi harafi. An ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a kundin Maris na 2025, amma takardun nan har yau da Faransanci ake cika su, kuma sunayenmu kowane magatakarda da yadda hannunsa ya saba. A takardar uba Mahamadou, a ta ɗa a rubuta Mamadou ko Mahamane. Aboubacar ya koma Boubacar. Haoua ta koma Hawa. A gida duk mutum ɗaya ne, a gaban alƙali kuwa mutum biyu ne. Kuskuren da aka gani nan take, kafin littafi ya rufe, magana ce ta minti kaɗan. Wanda aka gano bayan shekara 15, sai an je kotu an nemi hukuncin gyara, an koma meri an sauya. Kuma irin wannan ne ke jefa mutum hannun macuta, don kullum a ƙurarren lokaci ake gano shi, ran da daraktan lekkol ya dawo wa yarinya da dosiyenta ya ce sunan uba bai yi daidai ba. Ka zaɓi rubutu ɗaya na sunanka, wanda ke kan takardar haihuwarka, ka kafe a kansa a takardun ƴaƴanka duka, ko da rubutun bai yi maka kyau ba.

In kwana 60 sun wuce, sai jijman. Wannan hukuncin kotu ne da ke tsayawa a madadin bayyanawar da ba a yi ba. Kotun da ke riƙe da wurin haihuwar ake zuwa: ɗan birni babbar kotun Maraɗi, wanda aka haifa a yankin Tasawa, Dakwaro, Mayahi, Agye, Gidan Runji ko Madarunfa kuwa kotun can. Ka tafi da shaidu biyu da suka san haihuwar, manya, kowa da katinsa. Ka zaɓi waɗanda za su iya ba da amsa in an tambaye su, ba wanda ka tsinta a bakin ƙofa ka saya masa shayi ba. Abin da da yawa ba su sani ba, hukuncin kaɗai bai gama aiki ba. Sai an kai shi meri an shigar da shi littafi, daga nan a fitar maka da takardar da za ka riƙa aiki da ita. Wanda ya tsaya a hukunci ya tafi gida, wata rana za a ce masa ya koma, ran nan kuwa ba lallai yana da lokaci ba.

Ka riƙa sa kunne a rediyo da wajen mai unguwa. Lokaci lokaci alƙalai kan fita zaman tafi-da-gidanka, su sauka a ƙauye ko a lekkol su yi wa ɗaruruwan mutane jijman, sau da yawa kyauta. In ka ji za a yi, ka kwashi duk wanda ba shi da takarda a gidan, har da tsohuwa. Kada ka ce ita ina za ta. Ran rabon gado, ko ran da Allah ya kira ta Makka, za ka gane inda za ta.

Abu guda kada ka yarda a yi maka, ko da kai ka ga riba a ciki: jijman na biyu don rage shekaru. Da can an yi ta yi, yaro ya girme wa konkur, a je a sake haihuwarsa a takarda. Yanzu da ake ɗaukar zanen yatsu ana zuba sunaye a kwamfuta, mutum ɗaya mai ranar haihuwa biyu kansa ya ɗaure. Difloma na ɗauke da wata shekara, kati na ɗauke da wata, ga laifin takardar jabu a kansa.

Yanzu ga mutanen bakin ƙofa. Kusan duk ofishin da jama'a ke taruwa za ka iske su ƙarƙashin dogon yaro, riga a goge, biro a aljihu, fayil a hammata. Ba ma'aikata ba ne. Wasunsu layi kawai suke bi a madadinka su caje ka ninki biyar. Wasu suna da na ciki da suke rabawa da shi. Wasu kuwa ɓarayi ne tsantsa.

Wani dattijo daga wani ƙauye ya taɓa shigowa shagona da rana tsaka, ya ce in taimaka in kira masa wata lamba da ke rubuce a bayan kwalin sigari. Takardun jikansa ya kawo birni a baƙar leda. Tun bai kai ƙofar ofishin ba wani ya tare shi.

"Baba, sannu da hanya. Mi kake biɗa? Kawo in gani."

Ya duba, ya girgiza kai.

"Kai, Baba, wanga aiki sai an aika Yamai. Amma kar ka damu, ina da mutum ciki. Kawo jika 15, ka komo Alhamis."

Ya ba shi kuɗin, ya ba shi takardun na asali. Ya komo Alhamis, ya komo wata Alhamis ɗin, kowace zuwa da kuɗin mota. Na kira lambar, a kashe. Na haɗa shi da yaron shagona suka shiga ciki suka tambaya, aka duba littafin karɓa, babu sunan jikan ko kaɗan. Dattijon bai yi maganar kuɗin ba. Hularsa ya cire ya riƙe a hannu, yana ta maimaita cewa takardar haihuwar ita kaɗai ce, uban yaron kuma ya rasu.

Saboda haka ka wuce su. Ka amsa gaisuwa, kada ka tsaya, kada ka buɗe ledarka a waje. Ka shiga har ciki ka tambayi wanda ke zaune bayan tebur. Takarda ta asali kuma ba ta barin hannunka sai ga ma'aikacin da zai duba ta, a cikin ofis, kana kallo.

Nasiyonalite a kotu ake yin ta, shugaban kotu ke sa hannu. Za a nemi takardar haihuwarka da wadda ke nuna asalin mahaifi ko mahaifiya, wato takardar haihuwarsu ko nasiyonalitensu, sai tambur, wato kan sarkin da ake liƙa wa takarda. A nan Maraɗi, inda auren Katsina da Jibiya ba a ƙirga shi, ana yawan tsorata mutane da maganar uwa ko uba ɗan Najeriya, a ce aikin mai wuya ne, sai an yi dabara. Babu dabarar da ake buƙata. Tun gyaran dokar 1999 uwa ƴar Nijar tana ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa, kuma tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ka kawo takardar wanda yake ɗan Nijar a cikin iyayen, shi ke nan. Nasiyonalite ba ta tsufa, sau ɗaya ake yi. Don haka yaro na shiga kwaleji a yi masa, kada a jira shekarar BAC ko ranar kai dosiyen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, lokacin da layi ya kai titi.

Kaziye ce kaɗai ba a yi da wuri, don in ta wuce wata 3 ba a karɓa. Ita ma kotun wurin haihuwa ke bayarwa, wanda aka haifa a wajen ƙasa kuma Yamai. In a Dakwaro aka haife ka kana zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, tun ran da ka ji ƙishin-ƙishin za a buɗe konkur ka nemi ɗan'uwa amintacce a can, ka aika masa kofin takardar haihuwa da kuɗin tambur, ya sa maka a mota in ta fito. Ka tuna kuma da damina alƙalai na shiga hutu, ana barin masu jiran aiki amma hannu na raguwa, kuma yawancin konkur a daidai lokacin suke faɗowa.

Legalize, wato buga wa kofi hatimin cewa daidai yake da ta asali, da katin ɗan ƙasa ba su da dogon zance. Legalize a meri ko a kwamisariya, ka tafi da ta asali da kofi masu fita sarai, ka yi da yawa lokaci ɗaya. Kati a kwamisariya, da kanka, da hotuna. Mai tsohon fasfo mai tambarin CEDEAO kuma kada wani ya ruɗe shi cewa ya mutu: da aka sanar da fasfon AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, a Janairun 2025, an ce tsohon na aiki har ranar da wa'adinsa ya cika.

Kafin ka fita gida ran kai dosiye, ka riga ka je sau ɗaya hannu rabbana ka tambayi abin da ake buƙata, ka rubuta. A wurare da dama an manna jerin takardun da farashinsu a bango ko a ƙofa. Ka ɗauki hotonsa da salularka. Tambur ka saye shi inda ake sayarwa, na gwamnati a wurin masu haraji, na meri a gishen meri, don na hannun yaran waje kullum da ƙari a kansa. Ka tafi da canji. "Babu canji" tsohuwar hanya ce ta cinye dala ɗari ɗari daga mutum hamsin a yini. Ka je da sassafe, tsakanin Litinin da Alhamis. Juma'a rabin yini ce, kuma rabin nan ma hankalin kowa na masallaci. Wanda ya taso daga ƙauye ran Juma'a ya yi asarar kuɗin mota.

Da ka miƙa dosiye, abu biyu za ka fita da su: resin duk abin da ka biya, da wata shaida cewa an karɓa, ko ƴar takarda mai lamba ko aƙalla lambar da aka ba ka a littafi. Ka rubuta ranar. Ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, yaushe zan komo?" Ka rubuta wannan ma a gabansa. Ma'aikaci na ganin mai rubutawa, ya san ba wanda za a ce wa "ba mu taɓa ganinka ba" ne.

Sai jira, kuma a nan ya kamata mutum ya yi adalci. Ba kowane jinkiri ne neman goro ba. Wuta na ɗaukewa, injin bugawa ya tsaya. Fom na ƙarewa, a jira a kawo daga Yamai. Mai sa hannu mutum ɗaya ne, yana taro wurin gwamna ko ya tafi rangadi; tun da aka rushe majalisun gundumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, sa hannun meri ya koma wurinsu da waɗanda suka wakilta, su kuma ayyuka sun yi musu yawa. Tsofaffin littattafai wasu gara ta ci, wasu ruwa ya taɓa, neman haihuwar 1987 a cikinsu aikin yini ne. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: da yawa daga matasan da ke rubutu a ofisoshin nan ƴan sa-kai ne, shekara da shekaru ba albashi, abin da jama'a suka miƙa shi ne cefanensu. Wannan bai halatta komi ba, amma in ka san haka ba za ka shiga da zagi ba.

Yadda nake bambancewa, tambaya uku ce. Mi ya rage? Wa zai sa hannu? Yaushe? Jinkirin gaskiya yana da amsa: fom ya ƙare, shef ya tafi Yamai sai Talata. Za ka kuma ga kowa a layin abin ya shafa. Jinkirin da aka ƙirƙira ba shi da amsa sai "ka komo gobe", sai huci, sai duban silin, alhali wanda ya zo bayanka ya shiga ta baya ya fito yana ninke tasa. Daga nan sai zancen ya fara fitowa a kaikaice. "Ka san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." "Ba ka kawo mana na shayi ba?" "Babur ɗin da zai kai wa patron babu esansi."

Amsar da na ga ta fi aiki, wata Hajiya mai sayar da atamfa ce ta ba da ita, ina tsaye a bayanta a wani ofishi. Saurayin da ke bayan tebur ya juya dosiyenta ya ce, "Hajiya, kin san dosiye ba shi da ƙafa."

Ta ce, "To ɗana, ni ce ƙafarshi. In akwai kuɗɗin gwamnati da ban biya ba, faɗa mini, ka ba ni resi."

Ya ce a'a, ba haka yake nufi ba.

Ta ce, "Madalla. Bari in zamna nan in jira patron ɗin, in gaishe shi."

Ta shimfiɗa ɗankwalin sallarta a kan benci, ta ciro carbi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce masa ɓarawo ba, ta bar masa hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya gaban mutane ba. Kafin azahar aka kira sunanta. Ba kullum ake dacewa haka ba, wani sai ya ƙara maka mako don haushi. Amma mako ɗin ba ya kashe wanda ya fara da wuri, shi ya sa na ce lokaci ne jarinka. Kalmar resi kuwa ka riƙe ta da kyau. Kuɗin da ke da resi na baitulmali ne, wanda ba shi da resi na aljihu ne, kuma mai nema ya san ka san haka da zarar ka furta.

In ranar da aka ba ka ta wuce, ka koma, aka sake ɗagawa ba dalili, sai ka hau sama. Kowane ofishi da shugabansa: a kotu akwai babban magatakarda, a meri akwai shugaban sashen takardun haihuwa da babban sakatare, a kwamisariya akwai kwamishina. Ka nemi ganinsa, ka gaishe shi, ka ce ka kawo dosiye ran kaza, ga lamba, ga resi, ka zo jin ko akwai abin da ya rage. Kada ka fara da ƙarar kowa. Sau da yawa shugaban bai ma san takardar na kwance ba, kira ɗaya zai yi a kawo ta. In hakan bai yi ba, ka rubuta wasiƙa gajera, kofi biyu, ka kai sakatariya, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofinka. Irin wasiƙun nan ina buga su a shago, layi shida sun isa. Maganar baki iska ce a ofis, amma takarda mai hatimin shigowa dole wani ya amsa ta wata rana, kuma babu ma'aikacin da ke son sunansa ya kwana a cikinta.

Bayan wannan akwai na ƙasa. A 2011 ma'aikatar shari'a ta buɗe layin waya na kai kuka kan abin da ke faruwa a kotuna. A 2023 hukumomin soja suka kafa hukumar COLDEFF, wadda ta fi maida hankali kan manyan kuɗin ƙasa da aka wawure. Akwai ƙungiyar ANLC, reshen Transparency International a Nijar, mai sauraron koken jama'a. Mai shigar da ƙara na gwamnati a kotu shi ma ƙofarsa ce. Duk inda za ka, da hujja za ka: rana, wuri, abin da aka nema, wanda ya ji. Abin da ba na ba kowa shawara shi ne ya huce haushinsa a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp da sunan mutum da hotonsa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsanantawa a Yunin 2024, tana kai mutum kaso kan ɓata suna. Ka je neman takarda, kada ka ƙare da neman beli.

Kada kuma a manta doka ba mai karɓa kaɗai take kamawa ba, har mai bayarwa. Hadisin da ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta kowa ya ji shi a wa'azi. Ana yawan tambayata, to goron da mutum ya bayar don jin daɗinsa bayan an gama masa aiki fa, ba a roƙe shi ba? Malamai ne masu fatawa. Ni abin da nake gani daga benci shi ne, ɗan kasuwar da ya saba ajiye jika 2 duk zuwa, dosiyensa ne ke hawa sama, na bazawarar da ta zo da kuɗin tambur cif-cif ya koma ƙasa. Goron nasa ita ke biyansa da zirga-zirga. Wanda kuma wa'adi ya ritsa da shi, gobe za a rufe, ɗansa na kuka, ya miƙa, ba ni da bakin zaginsa. Sai dai in ce masa sauran ƙannen yaron a yi musu tasu a wannan watan.

In takarda ta fito, saura adana ta. Zan faɗi abin da ke rage mini ciniki: kada ka kawo mini ta asali in liƙe maka ita cikin roba. Wasu ofisoshin ba sa yarda da wadda aka liƙe, don ba a iya taɓa hatimin a tabbatar, ba a kuma iya ƙara rubutu a bayanta, zafin injin ma kan cinye tawada. Ka sa ta a fayil na roba mai buɗewa, cikin akwatin ƙarfe, a sama, nesa da gara da ɗigon damina. Kofi masu legalize su ne na yawo. Kowace takarda ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye a tasa salular, don salula ma ana sacewa a kasuwa.

In duk da haka ta ɓace, kati ne ko fasfo, ka fara da kwamisariya a yi maka takardar shaidar ɓata. In takardar haihuwa ce, ba sabon jijman za ka nema ba, merin da ta rubuta ta za ka koma a fitar maka da wani kofi daga littafi. A saman kowace takardar haihuwa akwai lamba da kwanan watan da aka rubuta ta. Ka kwafe su yau, na kowa a gidan, a bangon littafin da ba ya fita daga ɗaki. Wanda ya zo da lamba da shekara, magatakarda shiryayye ɗaya zai nufa ya ciro littafin. Wanda ya zo da "an haife shi shekarar da aka yi fara" kuwa, sai an tono kabad duka.